Gidan da cuta ta taru: me malamin asibitin ƙauye yake buƙata daga gwamnati?

Tambaya: "Baba, an ba ni kujerar kansila mai kula da lafiya a wata ƙaramar hukuma ta ƙasar Haɗejiya. Malaman asibitocinmu na ƙauye suna kukan cewa akwai gidajen da suka fi ƙarfinsu, inda za ka tarar da mai shanyewar jiki da mai farfaɗiya da yaro mai tamowa duk a tsakar gida ɗaya. Wasu sun ce mini bita ya kamata a shirya musu. Kai da ka daɗe a aikin nan, me zan nema musu a wajen ciyaman da gwamnatin jiha?"

Ɗana, Allah ya taya ka riƙo. Kafin mu zo kan bita, bari in fara kai ka wani gida.

Lokacin da nake zagayen duba asibitoci, na taɓa bin wata malamar asibiti zuwa wani ƙauye a bakin fadama, bayan ruwa ya janye. Tun daga waje za ka san gwamnati ta san da zaman gidan, domin katangar cike take da rubutun alli. Masu ɗigon foliyo sun yi nasu, masu rabon maganin zazzaɓin damina sun yi nasu, masu gidan sauro ma sun bar tasu alamar. Muka yi sallama muka shiga. A ɗakin farko maigidan ne kwance a tabarma, ɓarin jikinsa na dama ya shanye wata biyar, ƙugunsa ya yi gyambo saboda kwanciya wuri guda, tun daga bakin ƙofa kana jin warinsa. Uwargidan da ke juya shi yana ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma dishi-dishi take gani da shi. 'Yarsu tana ɗakin baya. Doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, mijin ya sako ta, ba ta zuwa biki ba ta zuwa suna. Ɗanta na fari, ɗan shekara biyu, da malamar ta ɗaura masa ma'aunin damtse sai ya tsaya a kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ga kuma jika ɗan shekara 12 da tabon ƙuna a hannu, farfaɗiya ce ta kayar da shi a murhu, tun ranar aka cire shi daga makaranta. Mai nemo musu abinci yana ci-rani a Legas, sai abin da ya aiko.

Duk masu allin nan sun shiga gidan, kuma babu wanda ya ci amana a cikinsu. Kowa ya yi abin da aka aiko shi, ya cika fom ɗinsa, ya wuce gida na gaba, don gidaje ake ƙirga masa kafin la'asar. Babu fom ɗin da ke da layin da ya ce a tambaya ko akwai wani kwance a ɗaki.

Nan matsalar take. Mun tsara aikin lafiya cuta-cuta, kuɗinsa ma cuta-cuta yake zuwa, alhali a gidan talaka cuta ba ta zuwa ita kaɗai. Gida irin wannan yana buƙatar mutum ɗaya da za a ce gidan nan amanarka ce, ya san sunan kowa, ya san maganin kowa, kuma a ba shi halin komawa mako bayan mako. Duk abin da za ka nema a sakatariya ko a Dutse, ka auna shi da wannan: shin zai sa malamar nan ta iya komawa gidan?

A takarda ai tun tuni haka aka tsara. Wanda ya yi shekara uku a kwalejin koyon aikin lafiya irin ta Jahun ko ta Bebeji ya fito CHEW, wato ma'aikacin lafiya na unguwa, da wanda ya yi shekara biyu ya fito JCHEW, wato ƙaraminsa, an horar da su ne don su yi kaso mai yawa na lokacinsu a cikin unguwanni, ba a bayan tebur kawai ba. Suna da hukumar da ke yi musu rijista tun 1992, suna da littafinsu na ƙa'idojin aiki da ke nuna abin da za su yi da kansu da abin da za su tura gaba. Amma je ka asibitin sha-ka-tafi na ƙauye ranar awo ka gani. Mutum ɗaya ne ko biyu: shi ne mai yankan kati, shi ne mai awon ciki, shi ne mai rigakafi, shi ne mai ba da magani, da dare a buga masa ƙofa haihuwa ta zo, ƙarshen wata kuma ga tulin rijistoci suna jiran ya tattara alƙaluma. Idan ya fita unguwa sai dai ya sa kwaɗo a ƙofa, mutanen gari kuma su kai ƙara wajen dagaci cewa malam ba ya zama. Mun mayar da ma'aikacin unguwa ƙaramin likita, muka bar unguwar babu kowa.

Saboda haka aikinka na farko ba ya buƙatar ko sisi. Ka karɓi jerin sunayen ma'aikata daga ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, ka hau mota ka bi asibitocin ɗaya bayan ɗaya ba tare da ka sanar ba. Abin da na sha gani shi ne asibitin cikin gari ma'aikata har suna rasa kujerar zama, na bayan kogi kuma mutum ɗaya ne tal. Gyaran wannan yana da zafi, don kowane wanda ya maƙale a gari akwai mai tsaya masa, kuma wayarka za ta yi ta ƙara. Amma sai an samu aƙalla mutum biyu masu takarda a wuri sannan za a iya cewa ranar kaza ɗaya ya tsare asibiti, ɗaya ya fita gidajen da ke da marasa lafiya na kwance. Ranar nan a rubuta ta, a liƙa a bango, mai unguwa ya sani, liman ya sanar bayan Juma'a.

To, batun bita. Ba na ƙin ta. Akwai ilimin da ma'aikatanmu suke buƙata da gaske, domin karatunsu ya fi ƙarfi a kan mata masu ciki da yara da cututtuka masu yaɗuwa. Manufar ƙasa ta 2014 da ta ba su damar ɗaukar wasu ayyukan ungozoma da nas ma a nan ta fi mayar da hankali. Hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, taɓin hankali, kula da wanda ya shanye, waɗannan sai daga baya aka fara waiwayarsu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin mhGAP da ke koya wa ma'aikacin da ba likitan ƙwaƙwalwa ba yadda zai gane farfaɗiya da ciwon damuwa ya kuma fara magani. A 2020 an fara gwajin kula da hawan jini a ƙananan asibitocin Kano da Ogun da tsari mai sauƙi, ana farawa da ƙwayar amlodipine, a ƙara mataki-mataki in jinin bai sauka ba. Duk abubuwa ne da CHEW zai iya.

Inda nake da ja shi ne yadda ake yin bitar. A kwashe incaji, wato shugaban asibitin ƙauye, kwana biyar zuwa otal a birni, asibiti a rufe, ya dawo da jaka da takardar shaida, ya tarar na'urar awon hawan jini babu batir, maganin da aka koya masa babu shi a kabad. Wata na gaba wata ƙungiyar ta kira wata bitar, shi ɗin dai zai tafi, yarinyar da take shiga gidaje da ƙafarta ba a taɓa kiranta ba. Na fi son kuɗin otal ɗin a zuba shi a kan abu biyu. Na farko, babban jami'in lafiya ko nas mai gogewa ya riƙa zuwa wata-wata, ya bi ma'aikaciyar har cikin gidan, ya duba gyambon da idonsa, ya nuna mata yadda ake wanke shi da yadda za a koya wa 'yan gida juya marar lafiya duk bayan awa biyu. Yawancin zagayen da ake yi yanzu na duba rijista ne da ƙirga kwalaben rigakafi, a sa hannu a littafin baƙi a tafi. Na biyu, a samu likita a babban asibitin yankin wanda ɗaukar wayar malaman ƙauye yana cikin aikinsa, ba alfarma ba. Ranar da muka je gidan can, awon hawan jinin tsohon ya haura 190. Malamar ta san hatsari ne, amma ga mutum ya riga ya shanye, ga shi yana shan wani haɗi daga kemis da ba ta san mene ne ba. Minti uku na magana da likita ya ishe ta. Ba ta da lambar kowa.

Sai maganar kuɗi, wadda kowa yake kewaye ta. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan ma'aikatan lafiya na unguwa, ta ce a biya su daidai nauyin aikinsu, a ba su takardar ɗaukar aiki a rubuce, a buɗe musu hanyar ƙarin girma. A shekarar ce kuma aka ƙaddamar da shirin CHIPS a Lafiya ta jihar Nasarawa, da burin samun mutum goma a kowace mazaɓa masu bi gida-gida. Tunani ne mai kyau. Sai dai duk aikin da aka ɗora a kan alawus ɗin da ke zuwa in mai tallafi ya saki kuɗi, ranar da tallafin ya tsaya aikin ya tsaya. Habasha da ta fara nata shirin a 2003 mata biyu-biyu ta ajiye a kowace gundumar ƙauye, kuma albashin gwamnati ta sa su a kai. A wajenmu kuwa asibitoci da yawa 'yan sa kai ne ke riƙe da su, yaran da suka gama kwaleji da takardarsu a hannu suna aiki shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Aikin kamfen na kwana huɗu za a iya yin sa da ɗan sa kai. Gidan da za a yi shekara uku ana bibiya ba zai yiwu da wanda gobe zai iya tafiya sayar da kati a Kano ba, kuma ba za ka ga laifinsa ba. In za a ɗauki ma'aikata, ka tsaya tsayin daka a fara da waɗannan, kuma a bar su a garuruwan da suka saba.

Akwai kuɗin da ya fi kusa da hannunka. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, an kuma fara sa shi a kasafi a 2018. Wani kaso yana shiga asusun asibiti ɗaya a kowace mazaɓa kai tsaye duk wata uku, incaji da shugaban kwamitin raya mazaɓa ne ke sa hannu, bisa tsarin kashewa da suka rubuta. Ka nemi ganin tsarin nan. Sau da yawa za ka ga fenti da gyaran ƙofa, ba za ka ga man babur na zuwa gidaje ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, zuwa ƙauyen da ke da nisan kilomita goma da dawowa ya zama abin da ma'aikaci zai yi lissafi kafin ya tayar da babur, kuma daga aljihunsa yake fita. A sa man, a sa katin waya, a sa safar hannu da bandeji da batir. Da damina a ƙasarku, wajen Auyo da Guri da Kirikasamma, har kuɗin kwalekwale sai an sa, wanda ya ga ambaliyar 2022 ya san ba ƙari na yi ba.

Kusan rabin asusun nan kuma na inshorar marasa ƙarfi ne, wanda a Jigawa hukumar JICHMA ke yi wa rijista. A nan ka buɗe ido sosai. Ranar rijista wanda ke da ƙafa da labari shi ke zuwa layi. Tsohon da ke kwance ba zai zo ba, mai yoyon fitsari kunya ba za ta bar ta ta tsaya cikin mutane ba, sau da yawa ma ba su da lambar katin ɗan ƙasa da ake tambaya. Wato waɗanda aka yi abin dominsu su ne ake tsallakewa. Ka nemi a karɓi sunaye daga hannun malaman asibiti tare da masu unguwanni, masu rijistar kuma su bi su har gida. Maganin farfaɗiya irin phenobarbital ba shi da tsada, amma kullum ake sha, kuma yanke shi kwatsam yana iya tayar da ciwon fiye da da. Gidan da ke auna hatsi da gwangwani ba zai jure sayen maganin wata-wata na mutum uku ba in babu katin inshorar nan.

Tura marar lafiya gaba shi ne inda na fi ganin zuciyar ma'aikata tana karyewa. Wurin turawa akwai. Asibitin Jahun, tare da ƙungiyar likitoci ta MSF tun 2008, yana aikin yoyon fitsari kyauta. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure, akwai asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, akwai asibitin tarayya a Birnin Kudu. Abin da babu shi ne igiyar da ta haɗa su da ƙauye. Na taɓa ganin wata ma'aikaciya ta yi mako uku tana lallashin wani magidanci ya kai matarsa wani babban asibiti saboda ƙafafunta sun kumbura, fitsari ya ragu, ga shi yankin nan an san shi da ciwon ƙoda. Ya sayar da akuya ya kai ta. Takardar da malamar ta rubuta ko buɗe ta ba a yi ba. Bayan kwana biyu suka dawo da leda cike da magani, babu ko layi ɗaya da ya ce ga abin da aka gani, ga abin da za a ci gaba da yi, ga ranar dawowa. Mijin ya ce mata, "Malama, ai da kin bar mu a gida." Daga ranar duk wanda ta ce ya tafi birni a garin nan sai ya ce zai yi shawara.

Jigawa ta taɓa gwada maganin wannan. Tsarin Gunduma na 2007 ya raba jihar gida tara, ya sa ƙananan asibitoci da babban asibitin yanki a ƙarƙashin shugabanci ɗaya. Daga baya an sauya tsarin, kuma ba ina cewa a dawo da shi yadda yake ba. Amma amfaninsa guda kada a yar: likitan babban asibiti ya san incajin ƙauye da suna. Kai a matsayinka za ka iya zaunar da shugaban babban asibitinku da incajoji duk wata uku, a amince cewa wanda ya zo da takardar turawa akwai mutum takamaimai da zai karɓe shi, kuma ba za a sallame shi ba sai da amsa a rubuce. Shirin Haihuwa Lafiya ya nuna ana iya tsara mota don mai naƙuda. A faɗaɗa tunanin ya kai ga wanda ya shanye da yaron da sikila ta tayar wa cikin dare.

Wani abin kuma ba na asibiti ba ne sam. Yaron mai tamowa za a ba shi abincin tamowa ya murmure, ya koma gidan da babu hatsi. Jigawa ta fara biyan masu buƙata ta musamman naira 7,000 a wata a 2007, masarautu suna da kwamitocin zakka, sakatariya tana da jami'in walwala. Malamar asibiti ba ta san ƙofar da za ta ƙwanƙwasa ba, su kuma ba su san gidan ba. Haɗa su a teburi ɗaya aikin kansila ne, ba na likita ba. Haka yaron da aka cire daga makaranta: sai an je an zauna da hedimasta an faɗa masa farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu, an nuna masa yadda ake kwantar da yaro ta gefe ba tare da an cusa masa cokali a baki ba.

Kada ka manta wanda zai shiga ɗakin baya mace ce. Namiji, ko ya fi kowa iya aiki, a zaure zai tsaya. 'Yar gidan can ba ta taɓa faɗa wa wani namiji lalurarta ba, malamar ma sai a zuwa na uku ta buɗe mata baki. Shirin Women for Health da aka fara a 2012 a Jigawa da Kano da wasu jihohin Arewa ya ɗauko 'yan mata daga ƙauyuka ya shirya su shiga makarantun aikin lafiya don su koma garuruwansu. Ƙaramar hukuma za ta iya yin irinsa da kanta: ta ɗauki nauyin yarinya ɗaya ko biyu daga kowace mazaɓa mai nisa, da yardar iyaye ko miji, da alkawarin aiki in ta gama. 'Yar gari ba ta neman canjin wuri bayan wata shida. Wadda aka kawo daga nesa kuwa, in babu ɗaki mai ƙofa da ruwa da makewayi a jikin asibitin, ba za ta kwana ba, ni ma ba zan bar 'yata ta kwana ba.

Sannan a gyara abin da ake tambayar su ƙarshen wata, don ma'aikaci abin da ake tambayarsa shi yake yi. A ba kowane asibiti rijista guda ta gidajen da lalura ta yi wa yawa. A taron wata ka tambayi incaji: gida nawa ne a ciki, nawa aka shiga a watan nan, masu hawan jini nawa ne jininsu ya sauka, wa aka tura, wa ya dawo da amsa. Ka kuma bar musu minti goma su faɗi abin da ya tsaya musu a rai. Mai wanke gyambon mutum wata da watanni, in mutumin ya rasu, ita ma ta yi rashi, kuma ba a taɓa yi mata gaisuwa.

Gidan can na bakin fadama, malamar ta ci gaba da zuwa duk Laraba a bayan babur ɗin ƙaninta, da man da take saya daga albashinta. Gyambon tsohon ya warke kafin Allah ya karɓi abinsa da rani. Ta samu dagaci ya sa baki aka kai 'yar Jahun, aka yi mata aiki, ta dawo a bushe, har na ji ta fara sayar da ƙosai a ƙofar gida. Yaron farfaɗiya ya yi wata bakwai bai faɗi ba. Sai aka yi canjin ma'aikata aka mayar da malamar wata mazaɓa. Wanda ya gaje ta an damƙa masa makullin kabad da rijistar rigakafi da ta awo, an ƙirga masa kujeru da gadaje. Sunayen gidajen da take bi suna cikin wani littafi mai bango ja da ta saya da kuɗinta a kasuwa, ba kayan gwamnati ba ne, babu wanda ya tambaye ta shi. Bayan wata huɗu na koma garin, na tarar maganin yaron ya ƙare tun watan jiya, da sabuwar ƙuna a gwiwarsa.